Waya ta ɓata, imel ɗin ofis ya kulle: A hannun wa makullin yake?

Ba a ranar da waya ta ɓata ake gane girman asarar ba. A ranar hankalin mutum yana kan manhajar banki da WhatsApp da hotunan iyali. Sai ya lallaɓa ya sayi wata wayar, ya je aka dawo masa da layinsa, ya ɗauka shi ke nan.

Ranar Litinin da safe ya zauna gaban kwamfutar ofis, ya rubuta adireshin imel da kalmar sirri daidai. Allon ya nuna masa lamba mai alƙaluma biyu, ya ce ya shigar da ita a manhajar Microsoft Authenticator. Manhajar kuwa tana cikin wayar da aka fizge a hannunsa a bakin titi.

Ya sauke manhajar a sabuwar waya, ya yi ƙoƙarin saka asusun ofis a ciki, sai ita ma ta ce ya fara amincewa da shigar ta cikin tsohuwar manhajar. An kulle ɗaki, makullin yana ciki.

Haka lamarin yake ga ɗalibar da ta sayar da tsohuwar wayarta ta cika kuɗi ta sayi sabuwa ana saura kwana biyu a rufe karɓar aikin da malami ya bayar. Haka yake ga malamin jami'a da ya kai waya gyara aka yi mata filashin ba tare da an tambaye shi ba, da ma'aikacin ƙungiyar agaji da rahoton wata uku ke cikin OneDrive ɗinsa, masu ba da tallafi kuma suna jira.

Mafi yawan waɗanda suka shiga wannan hali sukan ɓata kwanaki suna buga ƙofar da ba ta buɗuwa. Wani ya yi ta sauya kalmar sirri, wani ya nufi kasuwar waya, wani ya yi ta neman lambar Microsoft ko Google a intanet. Alhali asusun aiki ko na makaranta mallakin ma'aikatar da ta buɗe shi ne, kuma mai kula da tsarin kwamfutocinta ne kaɗai ke da ikon cire tsohuwar waya ya ba da damar saka sabuwa.

Me ke cikin wayar da ta tafi?

Tsarin da ake kira tantancewa mai matakai biyu, ko MFA a taƙaice, yana neman shaidu biyu kafin ya buɗe ƙofa: abin da mutum ya sani, wato kalmar sirri, da abin da yake riƙe da shi, wanda galibi waya ce. Dalili shi ne kalmar sirri tana da sauƙin sata, musamman da yake mutane da yawa kalma ɗaya suke amfani da ita a Facebook da imel da shafin makaranta. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce wannan mataki na biyu yana toshe sama da kashi 99.9 cikin 100 na hare-haren ƙwace asusu, shi ya sa ma'aikatu da jami'o'i suka yi ta tilasta shi.

A ranar da aka fara haɗa asusun da waya, mutum ya haska kyamara kan wani zanen QR. Zanen nan yana ɗauke da wani makulli na sirri da ya shige cikin wayar ya zauna. Daga wannan makulli da agogon wayar ake lissafo lambar nan mai alƙaluma 6 da ke sauyawa duk bayan daƙiƙa 30. Na'urar kamfanin ma tana yin lissafin a nata ɓangaren, idan amsoshin biyu suka zo ɗaya sai ta buɗe.

Makullin ba ya cikin layin waya, kuma ba ya cikin imel. Yana cikin jikin wayar. Shi ya sa dawo da layi ba ya dawo da shi, sauke manhajar a sabuwar waya ma ba ya dawo da shi.

A nan ne Microsoft Authenticator ke yaudarar mutane da yawa. Manhajar tana da tsarin ajiyar bayanai a intanet, mutum ya kunna ya saki jiki. To amma idan aka dawo da ajiyar a sabuwar waya, asusun aiki ko na makaranta sunansa kawai ke dawowa, sai an sake tantance shi kafin ya yi aiki. Ƙari a kan haka, ajiyar da aka yi a Android ba ta buɗuwa a iPhone, ta iPhone ma ba ta buɗuwa a Android.

Google Authenticator ta ɗan fi sauƙi tun watan Afrilun 2023, lokacin da aka ba ta damar ajiye makullan a asusun Google na mai wayar. Amma idan asusun da aka ajiye su a ciki shi ne wanda ya kulle, an koma gidan jiya.

Abin da za a fara gwadawa

Kafin a tayar da hankalin kowa, akwai 'yan abubuwa da ba su wuce minti goma ba.

A ƙasan shafin da ke neman lamba akwai ƙaramin rubutu da ido kan tsallake. A Microsoft yana cewa "Sign in another way", a Google kuma "Try another way". Idan mutum ya taɓa saka lambar waya ko wata hanya ta biyu, a nan za ta fito, a turo masa saƙon tes ko a kira shi.

Sai kuma a duba ko akwai na'urar da asusun ke buɗe a kanta har yanzu: kwamfutar ofis, ko ta gida, ko tsohuwar wayar da aka bai wa ƙane. Idan akwai, kada a fita daga asusun, kada a goge tarihin burauza, kada a cire manhajar. Wani lokaci daga nan ake iya shiga shafin tsaro a ƙara sabuwar waya. Ko da shafin ya sake neman tantancewa, aƙalla mutum zai iya kwafe takardun da yake buƙata da gaggawa, ya kuma aika wa sashen kwamfuta saƙo daga adireshinsa na ofis.

Tsohuwar wayar da ba ta da layi ko data ma tana da amfani, domin lambar mai alƙaluma 6 ba ta buƙatar sabis. Muddin wayar na kunnuwa, za ta bayar da ita.

Akwai kuma wata matsala da ke kama da kullewa amma ba ita ba ce. Wayar tana hannu, manhajar na bayar da lamba, shafin yana cewa ba daidai ba ce. Sau da yawa agogon wayar ne ya kauce, ko don batir ya mutu ko don an saita shi da hannu. A mayar da kwanan wata da lokaci su riƙa saita kansu, sai lambar ta shiga.

Abin da bai kamata ba shi ne a yi ta cusa lambobi na kame-kame. Tsarin zai ɗauka ɓarawo ne, ya ƙara wani kullen a kan na farko.

Aikin minti biyar, idan an samu mai shi

Idan waɗannan ba su yi ba, sai sashen kula da kwamfuta na ma'aikatar, wanda a jami'o'i da yawa ake kira cibiyar ICT ko MIS. Abin da za su yi ba shi da wahala ko kaɗan.

A tsarin Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory, mai kula da asusai yana da maɓallin da zai danna ya sa mutum ya sake yin rajistar tantancewa daga farko. Yana kuma iya ba shi wata lambar wucewa ta ɗan lokaci mai suna Temporary Access Pass, wadda ake iya saita ta ta yi aiki daga minti 10 har zuwa kwana 30. Da ita mutum zai shiga ya haɗa sabuwar wayarsa.

A Google Workspace, mai kula da tsarin yana fitar wa ma'aikaci ko ɗalibi lambobin ko-ta-kwana, ya shiga da ɗaya daga ciki ya gyara saitinsa. Jami'o'in ƙasashen waje da dama, musamman a Amurka, suna amfani da Duo na kamfanin Cisco, shi ma yana da lambar tsallakewa da sashen kwamfuta ke bayarwa.

Abin da ke jawo jinkiri sau da yawa shi ne yadda aka kai kuka. Wanda ya ce "imel ɗina ba ya buɗuwa", za a sauya masa kalmar sirri a sallame shi, ya koma ya tarar da katangar tana nan. Gara ya faɗi abin da ya faru ɗalla-ɗalla: kalmar sirri tana aiki, wayar da ke ɗauke da manhajar tantancewa ce ta ɓata, ana so a sake saita matakin na biyu. Ya tafi da katin shaidar aiki ko na makaranta, da lambar ma'aikaci ko lambar rajista, da sabuwar wayar a cake, da data a ciki. Kada ya bar wurin sai ya fita daga asusun ya sake shiga a gabansu.

Idan sace wayar aka yi, ya kamata a faɗa musu a ranar, ko da ba a sayi sabuwa ba. Za su iya cire ta daga jerin na'urorin da aka amince da su, su kuma fitar da asusun daga duk inda yake buɗe. Wayar da aka fizge tana buɗe a hannun mai ita, imel ɗin ofis ma a buɗe yake a cikinta.

Dalilin da ya sa suke cewa sai ka zo da kanka

Babu abin da ke ɓata wa ma'aikaci rai kamar ya kira wanda suke cin abinci tare a ofis, ya ce masa ba zai buɗe ta waya ba, sai ya zo da katin shaida ko shugabansa ya tabbatar. Ana ganin kamar wulaƙanci ne ko nuna isa. Amma abin da ya faru da manyan kamfanoni a 'yan shekarun nan ya nuna cewa mai tsanantawar ne ke da gaskiya.

A watan Satumban 2023 masu kutse suka durƙusar da kamfanin otal-otal na MGM Resorts da ke Las Vegas a Amurka. Rahotanni sun ce sun samo bayanan wani ma'aikaci a LinkedIn ne, suka kira sashen taimakon kwamfuta da sunansa. Kamfanin ya ƙiyasta asararsa a kusan dala miliyan 100.

Kamfanin Clorox mai yin kayan wanke-wanke, wanda aka yi wa kutse a watan Agustan 2023, ya kai ƙarar kamfanin Cognizant kotu a Yulin 2025 yana neman dala miliyan 380. Zargin shi ne ma'aikatan Cognizant da ke amsa kiran neman taimako sun sauya kalmomin sirri da saitin tantancewa ga mai kira ba tare da sun tabbatar da ko wane ne ba. Cognizant ya musanta cewa laifinsa ne.

Labarin da ɓarawo ke bayarwa a irin wannan kira shi ne dai wanda mai gaskiya ke bayarwa: wayata ta ɓata, ina sauri, shugaba yana jiran rahoto. Wanda ke ɗaya gefen wayar ba shi da hanyar bambance su sai ta shaida, kuma a zamanin da ake iya kwaikwayon murya da manhaja, sanin murya ya daina zama shaida.

Inda laifin ma'aikatu yake shi ne rashin tanadi ga wanda ba ya kusa. Ɗalibin da ke karatu daga nesa, ko ma'aikacin da aka tura wata ƙaramar hukuma mai tafiyar awa biyar, bai kamata a ce sai ya hau mota don aikin minti biyar ba. Kiran bidiyo da katin shaida a hannu, tare da tabbacin shugaban sashe, ya wadatar a wurare da dama. Ma'aikatar da ta tilasta wa mutane wannan tsari ba ta rubuta musu lambar da za su kira idan sun maƙale ba, rabin aiki ta yi.

Layin waya: hanya mafi sauƙi, kuma mafi rauni

Mutane da yawa sun fi son a turo musu lamba ta saƙon tes, don ko waya ta ɓata ana iya yin welkom-bak a dawo da layi. Gaskiya ne, amma a Najeriya wannan hanya tana da nata ramukan.

Tun Disambar 2020 Hukumar Sadarwa ta NCC ta umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma a 2024 an rufe layuka masu yawa kafin wa'adin ƙarshe na 14 ga Satumba. Wanda aka rufe layinsa, saƙon tantancewa ba zai iso gare shi ba. Dawo da layin da ya ɓata ma sai da NIN ɗin wanda aka yi rajistarsa da sunansa. Matar da mijinta ya yi mata rajistar layi, ko ɗalibin da ke amfani da layin yayansa da ke wani gari, sai sun nemo mai sunan tukuna.

Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani. Wanda ya tafi karatu Malesiya ko Masar ya jefa layinsa na gida a akwati, zai iya dawowa ya tarar lambobin tantancewarsa suna zuwa wayar wani baƙo. Ko tafiyar Hajji ko Umara ma tana iya hana saƙo shigowa idan layin bai kama sabis a can ba, alhali manhajar tantancewa tana aiki ko'ina.

Idan mai makullin ne ya kulle kansa

Mafi munin lamarin yana faruwa ne a ƙananan wurare: makarantar kuɗi, ƙaramin asibiti, ƙungiya mai ma'aikata goma sha biyar. Mutum ɗaya ne ya buɗe musu Microsoft 365 ko Google Workspace, shi kaɗai ke da ikon gudanarwa, a wayarsa kaɗai manhajar take. Ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko ya bar aiki cikin fushi, ko ya rasu, babu wanda zai iya buɗe wa kowa.

A wannan hali kaɗai ake komawa ga kamfanin da kansa. A Microsoft akwai sashen kare bayanai da ke karɓar irin wannan koke, kuma sai ya bincika ya gamsu cewa mai kiran ne ke da ma'aikatar, abin da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Google kan nemi mutum ya tabbatar shi ne mai adireshin intanet na ma'aikatar, ta hanyar saka wani rubutu a saitin adireshin. Idan shi ma wannan yana hannun mutumin da ya tafi, aiki ya ƙaru.

Microsoft da kansa yana ba da shawarar kowace ma'aikata ta tanadi asusun gaggawa aƙalla biyu da ba a ɗaure su da wayar mutum ɗaya ba. Shugaban makaranta ko ƙungiya ba sai ya iya kwamfuta ba kafin ya tambaya: mutum nawa ne ke da ikon gudanarwa a wurin nan? Idan amsar ɗaya ce, akwai gyara.

Masu "buɗe" asusu a Facebook

Duk wanda ya rubuta a shafin sada zumunta cewa asusunsa ya kulle, nan da nan zai ga masu ba shi lambar wani gwani da zai buɗe masa a kan kuɗi kaɗan. Babu mai gyaran waya ko ɗan kutsen da zai iya sake saita tantancewar asusun ofis daga waje. Abin da za su iya shi ne karɓar kuɗin, da kalmar sirrin da mutum ya miƙa musu da hannunsa.

Haka nan, sashen kwamfuta na gaskiya ba ya kiran mutum ya ce ya karanto masa lambar da aka turo, ko ya danna amincewa. Ta wannan ƙofa aka shiga kamfanin Uber a Satumban 2022: mai kutse ya samu kalmar sirrin wani ɗan kwangila, ya yi ta aika masa buƙatar amincewa har ya danna ɗaya. Irin wannan ne ya sa daga Mayun 2023 Microsoft ya tilasta rubuta lambar da ke kan allo maimakon danna maɓalli kawai. Wanda ya ga buƙatar amincewa ta shigo wayarsa ba shi ne ke ƙoƙarin shiga ba, kalmar sirrinsa ta riga ta fita. Ya ƙi amincewa, ya sauya ta, ya sanar da ofis.

Ranar da ƙofa ta buɗe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar an samu shiga, kafin a karanta ko da saƙo ɗaya, a je shafin tsaro na asusun a ƙara hanya ta biyu. A Microsoft shafin yana mysignins.microsoft.com, kuma ana iya haɗa manhaja har a na'urori biyar, idan ma'aikatar ta yarda. Lambar waya da manhaja tare sun fi kowace ita kaɗai.

Masu Google su fitar da lambobin ko-ta-kwana. Guda 10 ne, kowace mai alƙaluma 8, kowace sau ɗaya ake amfani da ita, kuma fitar da sababbi yana kashe tsofaffin. A rubuta su a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun makaranta. Ɗaukar hotonsu a bar shi cikin wayar da za a iya sacewa bai tsinana komai ba. Asusun aiki na Microsoft ba shi da irin waɗannan lambobi, don haka hanya ta biyu ta fi zama dole a can.

Mai shirin sauya waya kuma ya bi tsari: ya haɗa sabuwar da asusun tun tsohuwar tana hannunsa, ya gwada shiga da ita, ya cire tsohuwar daga jerin na'urori, sannan ya goge ta ya kai kasuwa. Mai kai waya gyara ya tambaya tun farko ko za a yi mata filashin.

Saura waɗanda ba wayarsu ce ta ɓata ba, zamansu ne ya ƙare. Ɗalibin da ya kammala karatu da ma'aikacin da kwangilarsa ta ƙare sukan wayi gari asusun ya daina karɓarsu, su ɗauka matsalar tantancewa ce. Sau da yawa rufe shi aka yi. Idan goge shi aka yi gaba ɗaya, mai kula da tsarin yana da kwana 30 a Microsoft, kwana 20 a Google Workspace, da zai iya dawo da shi. Bayan nan ko shi ba shi da iko. Wanda kundin digirinsa ke cikin Drive ɗin makaranta, ko ya yi rajistar neman aiki ko tallafin karatu da imel ɗin jami'a, ya kwashe takardunsa ya sauya adireshin tun kafin a ba shi takardar kammalawa.